Gaurakar da Na Musanya da Rediyo

Bana ma sanyi ya shigo ban ji su ba. Na idar da sallar asuba na fita bayan gari, na hau tudun da muke hawa muna yara, na kasa kunne wajen tabki. Abin da ke tasowa daga can kukan injin ban ruwa ne, wannan ya ɗauka wancan ya amsa, sai warin fetur da iska ke kawowa gauraye da na albasa. Na tsaya har rana ta ɗago, na dawo gida na zauna, na tashi na koma ƙofar gida, na sake dawowa. Surukata ta kawo mini kunu ta ce, "Baba, ka zamna wuri guda mana." Ban san yadda zan gaya wa yarinyar da aka haifa bayan ruwa ya ja baya cewa an yi lokacin da sai ladan ya ɗaga murya da gaske kafin a ji shi a garin nan, saboda tsuntsaye.

Garinmu yana tsakanin Tsarnawa da Dogarawa, ka bar kwalta ka yi arewa kaɗan. Tabkin yana cika da damina, ya riƙe ruwansa har bazara ta yi nisa. Da an gama yankan dawa, an ɗaure dammuna, sai baƙi su fara sauka. Haka muke kiransu, baƙi. Akwai na gida da ba su nisa da mu, irin su balbela da zalɓe da takabado mai yawo a kan ganye kamar ba shi da nauyi. Sai kirinjijiya su ƙaru, masu fito kamar samari a dandali. Daga nan ƙananan agwagi masu farin zane a saman ido su iso garke garke, da wasu masu dogayen ƙafafu da siririn baki waɗanda ko suna ba mu sa musu ba. Dattawa suka ce daga bayan hamada suke fitowa, daga ƙasashen da ruwa ke daskarewa. In suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar ana kakkaɓe tabarmin gari duka a lokaci guda, inuwa ta ratsa gonaki, jakuna su ɗaga kunne. Yanzu yara suna nuna mini irinsu a cikin waya suna tambaya ko na taɓa gani. Nakan ce na gani.

Aiki bai ƙarewa a bakin ruwan nan. Mata su ɗaure zane su shiga tsinkar bado, suna hira da ƙarfi don su manta da sanyi. Mu samari muna ban ruwan albasa da ƙwarya, ka ɗebo ka watsa, ka ɗebo ka watsa, har bayanka ya manta yadda ake miƙewa. Da hantsi Fulani su gangaro da shanu ta mashayar gabas, Buzaye su durƙusar da raƙumansu can gefe su hura wutar shayi. Kowa ya san wurinsa, ba don an rubuta ba, sai don mahaifina yana nan. Shi ne Sarkin Ruwa, ya gada daga nasa uban. Mutum ne gajere, mai ƙarancin magana, kullum da komar kamun kifi a cinyarsa yana gyara. Yana da dokokinsa tun kafin a haife ni. Ba a harbin baƙo sai ya huta ya yi ƙiba. Ba a ɗaukar ƙwai. Ba a taɓa shamuwa, ba a taɓa gauraka. In wani ya yi gardama sai ya ce, "Baƙo raɓa na. Wanda ya kori baƙo da sahe, da marece shi ka zaman kaɗaici." Daga nan ba ya ƙarawa.

Gaurakin biyu ne, namiji da tamace. Wasu sukan zo su wuce, amma waɗannan kowace shekara suna nan a tsibirin ciyawa da ke tsakiya. Dogaye, baƙaƙe, da tuntu a ka kamar an soka musu tsintsiyar zinari, kumatu fari da ja. Da safe su fito kiwo a gonakin da aka girbe, ɗaya na tsinta ɗaya na duba hanya. Wani lokaci su yi ta tsalle suna buɗe fiffike a gaban juna, mata su ajiye ƙwarya su yi ta dariya suna cewa amarya da ango sun tashi rawa.

Bayan shekarun farin nan da suka ci dabbobi, gwamnati ta waiwayi tabkin. Aka turo wani ma'aikacin gandun daji daga Konni, Bazabarme dogo mai suna Hamani, ana ce masa Mushe Hamani yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, da kakinsa kore da babur mai hayaƙi. Ya zo da allo mai hoton agwagwa, da duwatsun da aka shafa wa farin fenti aka jera kewaye da ruwa. Ya tara gari a gindin tsamiya ya ce daga yau tabkin nan mafakar tsuntsaye ne, hukuma ta hana harbi da tarko da ɗaukar ƙwai. Mutane suka yi ta gunaguni, don an ji labarin wuraren da aka kori kowa. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya ce, "Mushe, abin da kaz zo da shi a takarda, mu cikin kai muke da shi. Amma mata za su ɗebi bado, shanu za su sha, albasa za ta sha. In ka hana wanga, ɗauki allonka." Mushe Hamani ya ce ya yarda, amma da sharaɗi: Sarkin Ruwa ya dangwala yatsa cewa shi ke da alhakin duk tsuntsun da aka taɓa. In aka karya, za a rufe ruwan ga kowa. Baba ya dangwala. Ina tsaye a bayansa, na ga yadda ya daɗe yana kallon shuɗin tawada a babban yatsansa.

Ni a lokacin ban fi shekara ashirin ba, kuma ƙafata ba ta son ƙasar garinmu. Kowace kaka abokaina suna tafiya cin rani, wasu Sakkwato, wasu har Ikko, su dawo gab da shuka da wando mai faɗin ƙafa da tabarau da labarin teku. Ni kuwa ɗan fari ne, Baba ya ce ruwa na bukatar wanda zai gaje shi. Sai in tsaya da ƙwarya a hannu ina kallon manyan motocin siminti suna fitowa daga Malbaza suna bin kwalta, in bi su da ido har ƙurarsu ta kwanta. Ko tsuntsayen ma haushinsu nake ji. Su sun ga bayan hamada, ni ban wuce kasuwar Konni ba. Ba na iya cin tuwo a zaune, ba na iya gama hira. Inna takan ce kamar an zuba mini tururuwa a riga.

A kasuwar Konni, ranar Laraba, na haɗu da wani mutum daga hayin iyaka da ake kira Mai Keji. Sana'arsa sayen namun daji da rai, yana kai wa masu kuɗi su ajiye a gidajensu: barewa, jimina, aku, duk abin da ya samu. Yana da rediyo mai cin kaset, babba, mai bakin ƙarfe, ya rataye a kafaɗa. Ya ga ina kallonta ya ƙara murya. Da ya ji sunan garinmu sai ya kama hannuna ya ja ni bayan rumfa.

"An ce kuna da gauraki," ya ce.

"Akwai. Amma an hana."

"Wa ya ce a kashe? Gidan Alhaji za ta, ta ci dawa ta ƙoshi, ta hi ka jin daɗi. Guda ɗai nike so. Ka kawo ta, wagga rediyo taka ta."

Na ce zan yi tunani, amma tun kafin in iso gida na gama tunanin. Na gaya wa kaina guda ɗaya ce, wata za ta zo. Na gaya wa kaina da rediyon nan zan yi guzuri, in sayar in hau mota. Na ɗauki zaren koma na Baba na yi zarge, irin ƙullin da ya koya mini na kamun zabin daji tun ina ƙarami, na kafa a gonar dawa inda suke kiwo, na watsa tsaba. Kwana biyu ba su bi ta nan ba. A rana ta uku da hantsi, mutane duk suna ɗaya gefen wajen albasa, tamacen ta sa ƙafa. Na fito daga bayan karan da na ɓuya na faɗa mata da bargo. Ta yage mini hannu da farce, tabon yana nan har yau. Namijin bai gudu ba. Ya tsaya kamar taku goma daga gare ni, ya buɗe fiffike yana huci, sai da na jefe shi da hoge ya tashi. Na ɗaure ta cikin buhu, na rufe da kara a amalanken jaki, na kai wa Mai Keji a wani kwari kusa da kwalta inda muka yi alkawari. Ya miƙo rediyo. Na dawo na tura ta can ƙarƙashin dammunan gero a rumbu. Ko sau ɗaya ban kunna ba.

Tun la'asar ɗin ranar namijin ya fara kira. Wanda bai taɓa jin kukan gauraka ba, ba zai gane ba. Kamar ana busa ƙaho a cikin tulu ne, sau biyu, a tsaya, a sake. Ya tashi daga tsibiri ya kewaye tabki, ya bi ta saman gari, ya sauka a gonar dawa daidai wurin, ya sake tashi. Washegari haka, jibi haka. Mata suka daina hira a cikin ruwa. Tsofaffi suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Ni kuwa duk inda na sa kaina kiran yana bina. In na shiga ɗaki in ji ya matse ni, in na fita in ga kamar kowa hannuna yake kallo. Na ce wa Inna ƙaya ce ta yanke ni.

Na ga Baba ya tafi gonar dawa shi kaɗai. Daga nesa na hango shi ya durƙusa, ya tsinci wani abu, ya jujjuya shi a hannu, ya sa a aljihu. Guntun zargen ne, na manta ban cire ba. Ya dawo ya wuce ni a ƙofar gida, ya ce in kai wa jaki ruwa. Bai ƙara ko kalma ba.

A rana ta huɗu babur ɗin Mushe Hamani ya shigo gari. Ya riga ya ji, don labari ya kai Konni cewa an ga gauraka a buhu ana ƙetare iyaka da ita. Aka sake taruwa gindin tsamiya. Ransa a ɓace yake, Hausarsa ta ƙara karyewa. Ya ce shi ya tsaya wa garin nan a gaban manyansa, ya ce mutanen kirki ne, ga abin da aka saka masa. Ya ce a fito da wanda ya yi, in ba haka ba daga gobe ba mai sa ƙafa bayan fararen duwatsu, ko mace ko saniya. Albasa a lokacin ta fara ƙwai, kwana uku ba ruwa ta mutu, kuma ita ce abin da gari ke dogaro da shi bayan gero ya yi ƙaranci. Wani Bafulatani dattijo ya tambaya a hankali ina zai kai shanunsa.

Ina tsaye a cikin samari. Na buɗe baki in ce ni ne, wallahi na buɗe, amma ba abin da ya fito. Sai Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Mushe, yatsan wa ke ga takardarka?"

"Naka."

"To, ni ka nema. Bar ma mutane ruwansu, mu tahi."

"Sarkin Ruwa, na san ba kai ba ne. Faɗi sunan mutum kawai."

"Na ce maka mu tahi."

Aka ɗora tsohon a bayan babur, yana riƙe da hularsa da hannu ɗaya. Bai taɓa hawa babur ba sai ranar. Bai dube ni ba.

Na shiga gida na tarar da Inna a bakin rumbu, rediyon tana ajiye a ƙasa gabanta, gero ya maƙale a jikinta. Ta je ɗibar abin daka ne ta ci karo da ita. Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, wanga abu na wa na?" Ta dubi hannuna da ke ɗaure da tsumma, ta dubi rediyon. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ubanka bai taɓa kwana wani gari ba tun da anka kawo ni gidan ga. Ɗauki abinka ka hita min da shi. Kak ka komo sai da shi." Ban tambaye ta da wa take nufi ba, da Baba ko da tsuntsun. Na san duka biyun ne.

Na bi hanyar daji da ƴan fasa-ƙwauri ke bi, na ƙetare iyaka da ƙafa, rediyo a kai cikin buhu. Sai a rana ta uku na sami Mai Keji a rumfarsa. Ya yi dariya ya ce ciniki ya faɗa, tsuntsu ya riga ya shiga gidan mai shi. Na ajiye masa rediyon na ce ban zo neman komai ba sai kwatance. Ya karɓe abarsa, ya nuna mini unguwar da baki.

Gida ne babba mai ƙofar ƙarfe. Maigidan ya yi tafiya. Na zauna a waje tun hantsi har azahar, maigadi yana kora ta ina dawowa, kuma daga ciki ina jin kiran nan, sau biyu, a tsaya, a sake. Can aka ce in shigo, mahaifiyar Alhaji na kira. Tsohuwa ce ƙwarai, tana zaune a kan darduma da carbi. Gaurakar tana tsaye a lungun tsakar gida kusa da kwanon dawa da ba ta taɓa ba, tuntunta ya kwanta, fiffikenta ɗaya an datse shi da almakashi. Na durƙusa na gaida Hajiya, na faɗa mata komai, ban rage ba. Shi ne karo na farko da na faɗi abin da bakina.

Ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta ce, "Ashe tana da miji. Shi ya sa. Tun da anka kawo ta ba ta ci ba, ni ma ta hana ni ci. Ɗana ya ce ado ta. Ni ban ga ado ga abin da ka kuka ba." Ta kira wata mata ta ce a kawo tsohon zane. "Ɗauke ta, ɗan nan. In ya komo ni ka ba shi amsa. Amma ka ji, gashin ɗai anka yanke, ba a taɓa ƙashi ba, na tsaya a kai. In ta rayu shina tsirowa."

Na rungumo ta a zane kamar jinjiri, kanta a waje, na bi babbar hanya a wannan karon. A bakin iyaka jandarma ya tare ni, ya dubi tsuntsun ya dube ni, ya ce ina za ni da ita. Na ce buro, wato ofishin gandun daji na Konni, ni ne ɓarawon da ake nema. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka yi dariya, suka bar ni na wuce.

Na sami Baba a harabar buro, zaune a gindin bishiyar bedi. Ba a kulle shi ba. Mushe Hamani ya ba shi tabarma, matarsa na aiko masa da abinci, kullum ya fito ya roƙe shi ya faɗi suna ya koma gida, kullum Baba ya ce bai da abin faɗi. Kwana uku ke nan. Na ajiye gaurakar a gabansu na ce, "Mushe, ni na kama ta. Babana bai san komi ba." Baba ya ce, "Ƙarya kake, na sani." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, a ranar da kuma bayanta.

Mushe Hamani ya duba fiffiken, ya girgiza kai. Ya ce doka ta ba shi ikon tura ni gidan kaso, amma in ya yi haka wa zai kula da wannan? In aka sake ta a haka, kare ko dila zai cinye ta kafin Juma'a. Ya ce hukuncina shi ne ita: in ci da ita, in tsare ta, har ranar da za ta tashi da kanta. In ta mutu a hannuna, maganar ta dawo sabuwa. Ya nemo mana mota mai zuwa Malbaza ta sauke mu a bakin hanya, muka taka zuwa gida, Baba a gaba, ni a baya da kaya.

Muna isa aka gaya mana namijin ya tafi. Shekaranjiya da safe ya kewaye gari sau ɗaya ya yi kudu, ba a sake jinsa ba. Na kai ta bakin ruwa duk da haka. Ta tsaya a cikin laka ta miƙa wuya ta yi kira. Kirinjijiya suka yi ta fitonsu, ba wanda ya amsa mata.

Abin da ya biyo baya shi ne shekarar da ta fi kowace tsawo a rayuwata. Abokaina sun riga sun tafi, waɗanda suka rage ba su son zama kusa da ni. Mata in sun gan ni sai su sauya hira. Da safe in kora ta zuwa ruwa kamar akuya, in zauna ina gadi, da marece in koro ta gida in sa ta a tsohon akurki da na ɗaga wa rufi. Ina kama mata fara, ina tsinto mata tsaba. Ta fara ci sai a mako na biyu. Ba ta taɓa sabawa da ni ba, kullum in na matso sai ta buɗe baki ta yi huci, kuma ban ga laifinta ba. Zafi ya shigo, baƙi suka fara tafiya garke garke, kowace safiya ruwan ya ƙara yin shiru. Duk garken da ya tashi sai ta ruga da gudu tana kaɗa fiffike ɗaya da rabi, ta karkace ta faɗi, ta tashi ta bi su da ido. Ni ma ina bin su da ido. Mu biyu a bakin tabo, kowa da abin da ya ɗaure shi, kuma ni na ɗaure mu duka.

Tabki ya ƙafe saura ɗan gurbi, na koma ɗebo mata ruwan rijiya. Shamuwa ta zo, aka yi shuka, aka yi noma. Cikin damina na fara ganin tsofaffin gashin suna zubewa, sababbi na lekowa kamar tsiron gero. Kullum sai na ƙirga su da ido. Mushe Hamani yakan biyo in ya zo zagaye, ya duba, ya ce saura kaɗan, ya sha fura ya tafi.

Sai da aka sake yanke dawa, baƙi suka fara sauka, sannan ta tashi. Ba wani shiri. Ina zaune ina gyaran ƙwarya, Baba na gefe da komarsa, sai ta yi ɗan gudu kamar yadda ta saba, amma a wannan karon ƙafafun suka bar ƙasa. Ta yi ƙasa ƙasa a kan ruwa har na ce za ta faɗa, sannan ta ɗaga. Ba ta sauka a tsibiri ba. Ta yi kira sau biyu ta miƙe kudu, muna kallo har ta zama ɗigo. Ko ta same shi, ko ba ta same shi ba, Allah kaɗai ya sani. Daga shekarar gauraki ba su sake zama a tabkinmu ba. Wasu sukan ratsa, su kwana biyu su wuce, daga baya ko masu ratsawar aka daina gani. Mutane suna cewa ruwa ne ya ragu, gonaki suka matso, masu keji suka yi yawa a ko'ina. Duk gaskiya ne. Amma ni na san inda aka fara a garinmu.

Baba ya ci gaba da ɗinkinsa kamar ba abin da ya faru. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Motar kudu ran Laraba taka tashi. In kana zuwa, tahi. Ruwa ba ya son mai tsaro da hankalinai ke bisa hanya."

Na so in ce masa ya yafe mini. Maganar tana bakina tun daga gindin bedin nan na Konni, shekara guda ina juya ta. Sai na ji kaina na ce, "To, Baba." Ranar Laraba na hau mota.

Na ga Ikko, na ga teku, na yi dako, na yi gadi, na sayi rediyo da gumina. Na ce damina ɗaya zan yi, ta zama uku. Wasiƙar rasuwar Baba da aka aiko mini ta yi wata biyu a hanya, kafin in iso an yi sadakar arba'in. Na zauna a ɗakin Inna ina tambayarta ko ya bar mini wata magana. Ta ce bai bar komai ba, ai na san halinsa. Ta ci gaba da tsince wake a faifai. Sannan ta ce a sanyinsa na ƙarshe, ƙafa ta riga ta ƙi, amma kowace safiya sai ya dogara sanda ya je bakin ruwa, daga can ya zagaya ta bakin kwalta ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo. In ya shigo ya jingine sandar sai ya ce, "Yau ma shiru." Ta ce ba ta taɓa tambayarsa wa yake jira ba.